Tambaya da Amsa: Ga Arzikin Gas, Ga Ƙarancin Wuta

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a wannan watan sun taru ne a kan iskar gas: nawa Najeriya take haƙowa, su wa suke saye, kuma me ya sa jama'a ba su gani a ƙasa ba. Na zaɓi guda biyar, na kuma taƙaita wasunsu saboda ƙarancin fili.

Tambaya daga wani malamin sakandare a Zariya: Assalamu alaikum. Kullum muna jin cewa babu ƙasar da ta kai Najeriya arzikin gas a Afirka, amma da zarar wuta ta yi ƙaranci sai a ce mana tashoshi ba su samu gas ba. Yaya za a yi a ce ga ƙoshi ga kwanan yunwa? Gas ɗin ne ya fara ƙarewa, ko kuwa alƙaluman ne ba na gaskiya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Alƙaluman gaskiya ne, kuma gas ɗin bai kama hanyar ƙarewa ba. Hukumar NUPRC, mai kula da harkar haƙo mai da gas, ta ƙiyasta cewa abin da aka tabbatar yana ƙarƙashin ƙasa ya haura kubik fit tiriliyan 200, kubik fit ɗaya kuwa shi ne cikin akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk ƙafa ɗai-ɗai ne. Abin da ake haƙowa a kowace rana yana kai-komo ne a wajejen biliyan 7, saboda haka ko da ba a sake gano sabuwar rijiya ba, wanda ke akwai zai kai wajen shekara 80 ana ɗiba.

Sai dai gas ɗin da yake kwance a can ƙarƙashin fadamun Neja Delta daban yake da wanda ya iso bakin injin tashar wuta. Tsakaninsu akwai rijiyar da za a haƙa, da masana'antar da za ta tace shi ta raba shi da ruwa da sauran gauraye, da injinan matsa shi, da bututu na ɗaruruwan kilomita, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan da dala ake gina shi. Tun daga 1956, lokacin da aka samu mai a Oloibiri da ke jihar Bayelsa ta yanzu, ɗanyen mai kamfanoni suka zo nema. Gas ɗin ya biyo man ne ba a gayyace shi ba, rijiyar da aka tarar gas ne zalla a cikinta kuwa sau da yawa rufe ta ake yi a ƙara gaba. Wannan tarihi bai sake mu ba har yau, domin kusan rabin arzikin gas ɗin ƙasar irin wanda yake fitowa tare da mai ne, kuma duk abin da ya tsayar da mai ya tsayar da shi. An ga haka a 2016 sa'ad da masu tayar da ƙayar baya suka riƙa fasa bututu, an kuma sake gani a 2022 lokacin da satar mai ta sa abin da ƙasar ke haƙowa ya sauka ƙasa da ganga miliyan ɗaya a rana.

Shi kansa wanda aka haƙo ɗin ba duka yake zuwa kasuwar gida ba. A ƙiyasi, kimanin kashi ɗaya cikin uku ana fitar da shi waje. Kusan kwatankwacin haka kamfanoni suna amfani da shi a wurin haƙar, ko su kunna injinansu ko su mayar da shi cikin rijiya domin ya turo mai sama. Abin da ya ɗan ɗara rubu'i ne yake shiga kasuwar cikin gida. Ragowar kuma ana ƙona shi. A cikin wannan rubu'in tashoshin wuta ne suka fi kowa sha, kasancewar kimanin kashi uku cikin huɗu na wutar da ke bin babban layin ƙasa daga gas take, sauran kuma daga madatsun ruwa irin su Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru.

A nan gizo yake saƙar, Malam, domin wanda ya fi kowa shan gas ɗin shi ne ya fi kowa nawar biya. Tun da aka sayar da kamfanonin wuta ga 'yan kasuwa a Nuwamba 2013, kuɗin yana bin wata doguwar hanya ce: daga mai amfani da wuta zuwa kamfanin rarrabawa, daga nan zuwa kamfanin gwamnati mai sayen wuta a sari, wato NBET, daga shi zuwa tashar wuta, sannan a ƙarshe ya isa ga mai gas. A kowane zango ana samun tsiyaya, ga rashin mita, ga satar wuta, ga tallafin da gwamnati take ɗaukar alkawari ta jinkirta biya, har bashin da tashoshin suke cewa suna bi ya kai tiriliyoyin naira. Bayan haka kuma gwamnati ce take yanka farashin gas ɗin da ake ba su: a 2024 dala 2.42 ne a kan ma'aunin da ake cinikin gas da shi a duniya, alhali a bazarar 2022 irin wannan ma'auni ya zarce dala 50 a kasuwar Turai. Wanda za a sayi kayansa da araha, a kuma riƙe masa kuɗi, ba zai ciwo bashin dala ya haƙa sabuwar rijiya saboda wannan ciniki ba.

Yadda abin yake bayyana a tashar kuwa a fili yake. Injin da ke aiki da gas yana da ƙa'idar ƙarfin matsin da yake buƙata, kuma da zarar ma'aikacin ɗakin kula ya ga ma'aunin ya sauka ƙasa da wannan ƙa'ida, dole ya rage wa injin nauyi ko ya kashe shi, ko da kuwa lafiyarsa lau. Wannan yana cikin manyan dalilan da suka sa ƙasar da aka kafa wa injinan da za su iya ba da kimanin megawat 13,000 take yini a tsakanin 4,000 da 5,000.

Tambaya daga wata 'yar kasuwa a Kano: Tun da gas ɗin bai ishe mu ba, me ya hana gwamnati ta dakatar da sayar wa Turawa har sai gida ya ƙoshi?

Amsa: Hajiya, ba ke kaɗai ce mai wannan ra'ayi ba, kuma akwai hujja a cikinsa, amma ina ganin dakatarwar ba za ta kawo abin da ake fata ba. Kamfanin NLNG da ke tsibirin Bonny shi ne babbar ƙofar da gas yake fita. An kafa shi a 1989, jirginsa na farko ya tashi a Oktoba 1999, kuma kamfanin mai na ƙasa NNPC ne yake da kashi 49 cikin 100 na hannun jarinsa, sauran kuma na Shell da TotalEnergies da Eni ne. Kafin a aza tubalin ginin sai da masu saye a ƙasashe irin su Italiya, Sifaniya, Faransa da Turkiyya suka sa hannu a kan yarjejeniyar sayen gas na shekara ashirin ko fiye, kuma wannan takarda ce ta sa masu kuɗi suka yarda suka zuba biliyoyin daloli a rijiyoyi da bututun da ke ciyar da masana'antar. Ma'ana, yawancin gas ɗin da ake fitarwa ba daga bakin tashoshin wuta aka ƙwace shi ba. Da babu mai sayen waje, da wani yana nan a ƙarƙashin ƙasa, wani kuma an ƙona shi.

Ko da an rufe Bonny gobe, gas ɗin ba zai juyo da kansa ya nufi tashoshin wuta irin su Egbin ko Geregu ba, saboda bututun da aka shimfiɗa masa teku ya nufa, kuma matsalar biyan kuɗin da na yi bayani a sama tana nan daram. Abin da za a rasa nan take shi ne ɗaya daga cikin manyan hanyoyin samun kuɗin waje. Wani abin lura ma shi ne, shi kansa NLNG ɗin kukan ƙarancin gas yake yi: layukan sarrafawarsa guda shida za su iya fitar da tan miliyan 22 a shekara, amma a 'yan shekarun nan ya sha yin aiki ƙasa da ƙarfinsa, kuma a Oktoba 2022 ambaliyar ruwa ta sa ya sanar da masu sayensa cewa ba lallai ya iya cika alkawari ba. Duk da haka ana gina layi na bakwai, wanda zai kai ƙarfinsa tan miliyan 30, shi ma bakinsa a buɗe zai zo.

Inda maganarki take da ƙarfi shi ne, bai kamata a bar kamfani ya zaɓi kasuwar da ta fi maiƙo ya juya wa gida baya ba. Dokar masana'antar man fetur ta 2021 ta ba hukuma ikon ɗora wa kowane kamfani adadin da dole ya kawo kasuwar gida, tare da tara ga wanda ya gaza. Amma doka tilasta rabon abin da ke hannu kawai take iya yi, ba ta haƙa rijiya. Ga misalin Masar: ta fara fitar da gas ta jiragen ruwa a 2005, buƙatar cikin gida ta yi ta hauhawa a kan farashi mai rahusa, bashin kamfanonin haƙa ya taru a kan gwamnati, aka karkatar da gas ɗin fitarwa zuwa gida, amma duk da haka zuwa 2015 sai ga ta tana sayowa daga waje. A wannan shekarar ce Eni ya gano babban filin Zohr a tekun Bahar Rum, ƙasar ta farfaɗo har ta daina shigowa da gas ta jirgi a 2018, sai kuma abin da filin ke bayarwa ya fara ja da baya, aka shiga ɗauke wuta a bazarar 2023, aka koma saye a 2024. Gani ga wane, in ji masu iya magana, ya ishi wane tsoron Allah.

Tambaya daga wata ma'aikaciyar jinya a Gombe: Mene ne bambancin LNG da CNG da gas ɗin da muke girki da shi? Kuma me ya haɗa na girkin da dala, tun da a nan ake samunsa?

Amsa: Malama, na farko da na biyu abu ɗaya ne, wato sinadarin mitan, shirin tafiyarsu ne ya bambanta. LNG shi ne wanda aka sanyaya har zuwa digiri 162 ƙasa da sifili ya zama ruwa, girmansa ya ragu sau 600, ta yadda jirgi guda zai ɗauki mai yawa. CNG kuwa matsa shi aka yi a cikin tukunya mai kaurin gaske, da ƙarfin da ya ninka na iskar da muke shaƙa kimanin sau 200, kuma shi ne gwamnati take tallatawa ga masu motoci tun bayan cire tallafin fetur a Mayu 2023. Na girki daban ne: gaurayen butan ne da furofen, waɗanda ake tsamowa wajen tace gas ko ɗanyen mai, kuma da ɗan matsi kaɗan suke zama ruwa. Saboda haka tukunyar girki ko wadda maƙeri ya haɗa ba za ta taɓa jure matsin CNG ba, kuma ɗaura ta a mota ganganci ne da rai.

Game da dala, buƙata ce ta riga wadata gudu. Abin da 'yan Najeriya suke amfani da shi na gas ɗin girki ya haura tan miliyan ɗaya a 2020, bayan ya ninka sau da yawa cikin 'yan shekaru. NLNG ya fara ba kasuwar gida a 2007, ya kuma keɓe mata duk abin da yake samarwa daga 2022, amma bai wadatar ba, sai an cike giɓi da na waje. Muddin ana shigowa da wani kaso, farashin na shigowar ne yake jan na gida, shi kuwa da dala ake biyansa. A kan haka kuma sai a ɗora kuɗin jirgi zuwa ma'ajiyoyin bakin teku da na tankar da za ta hauro da shi Arewa.

Tambaya daga wani ɗalibin jami'a a Sakkwato: Idan har gas yana da daraja haka, don me har yanzu ake ƙona shi a Neja Delta?

Amsa: Ɗan'uwa, wanda ya taɓa kwana kusa da ɗaya daga cikin waɗannan wurare ba ya mantawa: dogon bututu a tsaye, harshen wuta a kansa dare da rana, da rugugin da ba ya yankewa, ga zafi yana dukan fuska tun daga nesa, ga baƙin hayaƙi yana sauka a kan rufin kwano da ganyen shuka. An daɗe da haramta shi a takarda. Dokar 1979 ta sa Janairun 1984 a matsayin ranar dainawa, aka yi ta ɗage wa'adin, yanzu kuma 2030 ake magana. A Nuwamba 2005 Babbar Kotun Tarayya da ke Benin ta yanke hukuncin cewa ƙonawar ta saɓa wa haƙƙin rayuwa na mazauna wurin, amma wutar ba ta mutu ba.

Dalilin lissafi ne kawai. Shekara da shekaru tarar naira 10 ce a kan kowane kubik fit 1,000, wadda ba ta kai ko kusa da kuɗin kama gas ɗin ba, sai a 2018 aka mayar da ita dala 2 ga manyan kamfanoni. Adalci kuma shi ne a faɗi cewa an samu sauƙi sosai, domin a shekarun 1970 fiye da kashi 90 cikin 100 ake ƙonawa, yanzu kuwa bai kai kashi 10 ba, kuma NLNG yana cikin abubuwan da suka kawo wannan ragi. Gas ɗin da ya saura shi ne mafi wuyar kamawa, saboda a warwatse yake a ƙananan wurare masu nisa da babban bututu, wasu a cikin fadama, wasu a teku. A 2023 hukuma ta raba irin waɗannan wurare ga 'yan kasuwa domin su kama gas ɗin su sayar, amma har yanzu Bankin Duniya yana lissafa Najeriya a cikin ƙasashe goma da suka fi ƙona gas.

Tambaya daga wani tsohon ma'aikacin masaƙa a Kaduna: An ce mana idan bututun AKK ya iso, masana'antun Kaduna da Kano za su farfaɗo, har ma gas ɗin ya wuce Turai ta Sahara. Mu sa rai, ko mu haƙura?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. A sa rai, amma a san abin da ake jira. Bututun ya taso daga Ajakuta ya bi ta Abuja da Kaduna zuwa Kano, tsawonsa kilomita 614, faɗinsa inci 40. Shugaba Muhammadu Buhari ne ya ƙaddamar da aikin a Yunin 2020 a kan kimanin dala biliyan 2.8, da niyyar gamawa cikin shekara biyu, sai rancen da aka sa rai daga Sin bai zo yadda aka tsara ba, NNPC ya ci gaba da aikin da kuɗinsa, wa'adi kuma ya yi ta gusawa.

Gama walda ba shi ne ƙarshen magana ba. An tsara bututun ya ɗauki kimanin kubik fit biliyan 2 a rana, wanda ya yi daidai da duk abin da kasuwar cikin gida take sha a yau, ko ma ya ɗara. Ke nan cika shi yana buƙatar sababbin rijiyoyi a Kudu, da kuma bututun OB3, wanda aka shimfiɗa domin ya haɗa filayen gabashin Neja Delta da layukan yamma, shi kuwa ya shafe shekaru yana fama da tsallake Kogin Kwara. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: babu mai zuba kuɗi a wancan bakin bututun sai ya ga mai biya a wannan bakin. Manyan masu sayen da aka tsara su ne tashoshin wuta a Abuja da Kaduna da Kano, an kuma aza harsashin ta Gwagwalada a Agustan 2023, amma idan za su sayar da wutarsu ta wannan doguwar hanya mai tsiyaya, to, za su gaji matsalar 'yan'uwansu na Kudu. Kafin nan, gas ɗin da yake isowa Arewa a kan taya yake zuwa. Tashar wutar Maiduguri mai megawat 50, wadda aka buɗe a Maris 2023, da tankoki ake kawo mata shi daga Kudu, abin da ya nuna akwai buƙatar, ya kuma nuna tsadar rashin bututu.

Batun Sahara kuwa, ni dai ba na saka shi a lissafin nan kusa. An sa hannu a kan yarjejeniyar bututun da zai ratsa Nijar zuwa Aljeriya tun 2009, aka sake tayar da ita a 2022 bayan yaƙin Rasha da Yukiren ya jefa Turai cikin neman gas ido rufe, tsawonsa kuma ya haura kilomita 4,000. Akwai kuma wanda aka amince da shi da Maroko a 2016, mai bin gaɓar teku, wanda ya fi shi tsawo da tsada. Kowannensu yana buƙatar mai sayen da zai ɗaure kansa na shekara ashirin, alhali Tarayyar Turai ta sa wa kanta burin daina ƙara hayaƙi mai ɗumama duniya nan da 2050, Amurka ta zama ta ɗaya a fitar da LNG tun 2023, Katar kuma tana faɗaɗa nata daga tan miliyan 77 zuwa 142 a shekara. Kasuwar da ake son kaiwa tana ƙara cika da masu talla.

Idan kuna son sanin ko AKK zai yi aiki, Baba, ku duba ko wata babbar masana'anta ta sa hannu a kan sayen gas ɗinsa. A ganina masana'antar takin zamani ce ta fi cancanta da wannan matsayi, domin gas shi ne ainihin abin da ake yin takin yuriya da shi, tana sha dare da rana ba yankewa, kuma kuɗinta daga hannun masu sayen taki yake fitowa kai tsaye. Haka ta Indorama take a Eleme, haka kuma ta Dangote a Lekki, wadda aka buɗe a Maris 2022 mai iya fitar da tan miliyan 3 a shekara, kuma dukansu a Kudu suke duk da cewa yawancin masu zuba takin a Arewa suke noma. Idan irin wannan ta kafu a gefen bututun ta ɗauki nauyin kaso mai tsoka, to, masaƙu da sauran matsakaitan masana'antun Kakuri da Sharaɗa da Bompai za su samu damar jan ƙananan layuka zuwa harabarsu a kan farashin da za su iya biya.